Waƙar da Mama Ta Yi wa Amaryar Yaya

Mahaifiyata ce ke kaɗa tulu a zumuntar mata ta cocinmu a Samaru, ita ce kuma mai ba da waƙa. Ba ta iya karatu sosai ba, amma in aka yi haihuwa ko rasuwa, kafin rana ta faɗi ta shirya sabuwar waƙa.

Da yayana ya ce zai auri wata 'yar kudu da iyayenta ke sayar da kayan gini a Sabon Gari, dangi sun yi ta gunaguni. Mama ce ta tsaya masa. Ta ce yarinya a Zariya aka haife ta, to tamu ce. Ta zauna ta shirya mata waƙa, mata suka riƙa zuwa tsakar gidanmu da yamma suna koyo. Amshin shi ne, "Shigo 'yata, gidan nan naki ne."

An yi liyafar a wani babban zaure kusa da Chikaji. Di-je ya cika wurin da kiɗan zamani, kowa na rawa, har tsofaffinmu. Can aka kira iyayen ango. Mama ta fito da matanta cikin anko, tulu a hammata. Mai gabatarwa ya dubi tulun, ya ce da Turancin buroka ashe yau ma ruwa aka kawo musu sayarwa. Zaure ya ɗauki dariya. Mama ba ta jin buroka, sai ita ma ta yi murmushi.

Ta soma waƙa. Makirfon ya yi ƙara, ta firgita, muryarta ta sarƙe: "Shi... shi... shigo." Mai gabatarwa ya kwaikwaye ta da muryar akuya. Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Mama ta daure ta kai waƙar ƙarshe, amma amarya kaɗai na ga tana saurare.

Ban san di-jen ya naɗi muryar ba sai da na je kasuwar Sabon Gari wata ranar Asabar. Daga wani shagon waya na ji ta: "Shi-shi-shigo!" An ɗora ta kan kiɗa mai duka, an sa kukan akuya a tsakani. Mai shagon Ibo ne, yana rawa da wani mahauci Bahaushe. Kafin a jima ta shiga ko'ina. Yaran mota na kiran fasinja da ita. A barikin Basawa 'ya'yan sojoji sun ƙirƙiro mata rawa. A bas ɗin Samaru na ji wani ɗalibi yana ce wa abokinsa, "Ka ga wannan, ba Hausawa ba Yarabawa, kowa tasa ce. Ita ya kamata a mayar taken ƙasa."

Mun ɓoye wa Mama, amma ranar da ta je sayen zannuwan Kirsimeti ta ji da kunnenta. Wata mai tumatir ta gane ta, ta yi shewa, "Ga mai shigo!" Aka kewaye ta da wayoyi ana cewa ta maimaita. Ta dawo gida ba zane ko ɗaya.

Na sami Yaya na ce ya je ya sa a goge. Ya ce, "Ke ma dai. Abin da ya riga ya shiga wayar kowa? Ai Mama ta yi suna, mutane neman haka suke yi."

Matarsa ce ta je wajen di-jen da kuka. Ya ce mata kamata ya yi mu gode masa.

Mama ba ta sake ba da waƙa a coci ba. Fasto ya zo, mata sun zo, ta ce maƙogwaro ke damunta. Takan zauna a bencin baya, in ana waƙa ta riƙa gyaran ɗankwali.

Shekaru bayan haka Yaya ya kawo 'yarsa ta gaida kaka. Yarinyar ta ce a makaranta sun koyi wata rawa ta ranar 'yancin kai, an sa musu kayan ƙabilu daban-daban. Ta tsaya tsakar gida ta yi, har da kukan akuyar. Yaya ya yi dariya kaɗan, ya dube mu, ya daina.

Mama ta kalli yarinyar har ta gama. Ta ce, "Kin iya." Sannan ta ce mini in zuba musu abinci su ci su tafi kafin hadari ya taso.