Direban da Ba Ya Waiwaye

Direban motar makaranta ne, ya doshi hamsin, riga a goge, yana tsaye ƙyam kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. In an kira shi ba ya waiwayowa da wuya, da jikinsa gaba ɗaya yake juyowa. Ta ƙarƙashin rigar ana ganin shatin bel ɗin asibiti a ƙugunsa.

Makulli ya suɓuce masa. Ya tsaya yana kallonsa kamar a rijiya ya faɗa. Can ya dafa ƙofar mota, ya lanƙwasa gwiwoyi a hankali, baya a miƙe, yadda masu gashin ƙashi ke koyarwa.

"Malam direba, ciwon bayan ne ya dawo?" in ji shugabar makarantar.

"Wane baya, ranki ya daɗe? Takalmi nake gyarawa."

Gumi ya tsatstsafo masa. Wataƙila likita ya ce guringuntsi ne ke danne jijiya, ya rage zaman mota. To in ya tashi daga kujerar, wa zai ajiye masa ita?

Yara sun cika motar. Ya gyara madubi, ya sake gyarawa, sannan ya sa giyar baya.