Babur Ɗin da Alhaji Bai Samu Ba

Lokacin da na sayi babur ɗin nan Turawa ba su tafi ba tukuna, kuma masu babur a Haɗeja ba su da yawa. Malaman ofis ne, sai 'ya'yan manya. Ni kuwa fataucin kifi nake yi. Ina bin masunta a ƙauyukan fadama, daga wajen Auyo har can gabas, in sayo banda in kawo kasuwa. Da jaki na fara, amma kafin jaki ya kai ni bakin ruwa, wasu sun riga ni kwashe na kirki.

A hannun wani Kwara, Balarabe mai kanti, na saye shi, da zai koma Kano. Tun a wurinsa ya tsufa. Tankin ya lotsa, sirdin kuma da tsirkiya aka ɗaure shi. Duk da haka ya yi mini aiki rani guda ba gardama. Damina na sauka, halinsa ya fito. Da ya shaƙi danshi sai ya kama tari, ya yi ta harbi, ya mutu. Ko ruwan da bai kai idon sawu ba na ratsa, to sai turi.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya mace mini daidai ƙofar gidan wani Alhaji, babban mai sayen gyaɗa, wanda yawancin motocin da ke zirga-zirga zuwa tashar jirgin ƙasa nasa ne. Mutanensa na zaune a kan tabarmi. Na buga, na buga, har gumi ya jiƙa mini riga. Ƙarshe na tura shi na wuce da kwandunan kifina, ina jin dariyarsu a bayana.

Da la'asar sai ga sallama. Wani dattijo ne, baran Alhajin, wanda na sani tun ina ƙarami. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, muka gaisa.

Ya ce, "Alhaji na gaishe ka. Ya ga wahalar da kake sha. Ya ce ka tura abin nan gidansa, a ba ka jakuna masu ƙarfi."

Na ce, "A yi wa Alhaji godiya, Baba. Amma ba na sayarwa ba ne."

"Ɗana, ba ciniki aka aiko ni ba." Ya sassauta murya. "Ɗansa ke so. Kuma ana ta magana, wai mai warin kifi yana wuce manya a kan babur ba ya sauka."

Wannan gaskiya ne, ba na sauka. Nakan rage gudu in ɗaga hannu in yi gaisuwa. Na ce masa, "Baba, in na kashe shi don in gaisa, wa zai tayar mini da shi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in yi tunani, ya ɗauki takalmansa ya fita.

Matata ta ji komai daga bayan zana. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, in ka ba su wannan, gobe me za su aiko a karɓa?"

Na jira rana ta buɗe, babur ya bushe, na lallaɓa shi zuwa garin Malam Madori, inda tashar take. Akwai wani makanike a gefen tashar jirgi, tsohon soja, a aikin sojan ya koyo gyaran mota. Saje kowa ke ce masa. Ya kwance filogi, ya jingina shi da jikin inji, ya ce in buga. Wata 'yar wuta ja-ja ta ƙyasta, da ƙyar ake ganinta. Sai ya nuna mini wani baƙin abu can ƙasa, inda taya ke watso ruwa.

Ya ce, "Kwayil ke nan. Shi ke karɓar wutar batir ya ƙara mata ƙarfi, ya aika wa filogi. Dubi nan, ya tsage. Danshi na shiga, wutar ta bi wata hanya. Irinsa ko a Kano ba na jin za ka samu."

"To yaya za a yi, Saje?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ashe labari ya riga ni zuwa. Ya ce, "Motocin Alhaji nake gyarawa, da su nake ciyar da gidana. Hannuna ba zai hau babur ɗin nan ba."

Raina ya ɓaci. Na kama kan babur zan juya, sai ya ce in dakata. Ya kai ni bayan rumfarsa inda wata matacciyar ƙaramar mota take, wadda ya saya don ciran kayan gyara. Ya kwanto kwayil ɗinta, mai kama da dogon gwangwani.

Ya ce, "Batirinta da naka ƙarfinsu ɗaya. Wannan ya fi naka wuta nesa ba kusa ba. Ba wanda ya hana ni sayar da tsohon ƙarfe."

Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da tsinke: wannan waya daga batir, wannan zuwa inji, mai kaurin ta tsakiya zuwa filogi. Ya ce kada in mayar da shi mazaunin tsohon, in ɗaga shi sama ƙarƙashin tanki. Ya sa na maimaita masa har ya gamsu, sannan ya share zanen da ƙafa.

A tsakar gida na yi aikin, ni da ban taɓa riƙe sifana da niyyar gyara ba. Maƙerin unguwarmu ya ƙera mini maɗauri, don sabon ya fi tsohon girma. Na haɗa wayoyi, na buga, shiru. Na kwance na sake haɗawa, shiru. Rana ta take, na zauna ina kallonsa, har zuciyata ta fara raya mini jakunan nan. Matata ce ta lura da wata waya da ban kankare bakinta ba, tsatsa ta rufe shi. Na kankare da wuƙa na ɗaure.

Na ce ta taka mini abin bugawa, ni kuma in duba wutar. Ta tattare zane ta taka da ƙarfinta, ni kuwa na manta ina riƙe da bakin wayar. Wani abu ya fizge ni tun daga yatsu har kafaɗa, na faɗi zaune cikin kwandon kifi. Ta tsorata, ta yi kaina tana salati. Ni dariya nake yi. Na ɗauko filogi na gwada yadda Saje ya yi, sai ga wuta shuɗiya tana tsalle da ƙara, tas, tas.

Ta narka kakin zuma a kasko, muka toshe bakin wayoyin da shi, na yanka tsohon tub na cikin taya na naɗe kwayil ɗin. Na mayar da filogi na buga, da babur ya tashi, na ce ta kawo ruwa. Ta ɗebo ƙwarya guda ta sheƙa masa. Ya yi tururi, ya ci gaba da bugawa.

Hanyar bakin kogi ta ƙofar Alhaji ta bi, ba ni da wata. Washegari na bi ta nan ana yayyafi, na rage gudu, na ɗaga hannu na gaishe su, na wuce.

Ba a yi kasuwa biyu ba na tarar an ba wani rumfata. Masuntan da motocin Alhaji ke ɗaukar musu kaya suka fara kau da kai in sun hango ni. Wani tsoho a cikinsu ya ja ni gefe ya ce, "Ba ƙinka muke yi ba. Kada dai ka ja mana."

Daminar nan mun sha wuya. Akwai ranakun da kifin da ban sayar ba shi ne cefanenmu. Dattijon ya sake dawowa, ya ce in zo in durƙusa in ba da haƙuri, a mayar mini da rumfa. Na ce, "Baba, faɗa mini laifin da na yi, sai in san haƙurin da zan bayar." Ya tashi ya tafi. Ban je ba, rumfar kuma ba ta dawo ba.

Sai na nausa cikin fadama, inda fatake ba sa zuwa sai ruwa ya janye. Nakan bi gaɓa har inda hanya ta ƙare, ni da mai fito mu kinkimi babur mu kwantar a kwalekwale, in riƙe shi da hannu biyu har mu haye. Mutanen can ba su san Alhaji ba sai a labari, kuma sun yi murna da samun mai saye a tsakiyar damina. Kifin kuma na daina kai shi kasuwar gari, na koma kai wa fataken kudu a tashar jirgi. In na wuce rumfar Saje ba ma gaisawa da baki, saboda direbobin da ke zaune a wurin. Yakan dai tsaya da aiki ya kasa kunne ga ƙarar injin har in wuce.