Almu Mai Gurmi da Amshin Ƙofar Ƙaura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga watan Yulin 2025, cikin watan Muharram, Allah Ya karɓi ran Malam Almu Mati, wanda Katsina ta fi sani da Almu Mai Gurmi. Ya cika da hantsi a gidansa da ke Ƙofar Durɓi, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun farkon damina. An yi masa salla bayan azahar, aka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Ya haura shekara saba'in. Ya bar matarsa Ma'u, da 'ya'yansa mata Ramla da Rahama, da jikoki.

Ni taubashinka ne, Almu. Mahaifiyata da mahaifinka ciki ɗaya suka fito, kuma tun muna yara ban taɓa faɗa maka magana mai daɗi a gaban mutane ba, kai ma ba ka taɓa faɗa mini ba. Haka wasan yake. Kai ka laƙaba mini Malamin Alli saboda koyarwar da na yi, ni kuma ban fasa ce maka maroƙi ba har ranar da na gane kalmar tana yi maka ciwo. Yau ba ka da bakin ramawa, saboda haka zan faɗi abin da na sani yadda yake, ba ƙari, ba ragi.

Kawu Mati, mahaifinka, makaɗin gangar noma ne. Duk inda aka yi gayya a ƙauyukan da ke kewaye da birni, da shi ake zuwa. Ya so ka gaji gangar, kai kuwa ka ɗauki gurmi, ka ce ganga tana danne magana, kai kuma maganar kake so a ji. Ka yi wa manoma waƙa, ka yi wa marina, da masu haƙar rijiya, da matan da ke sussuka a bakin gari. Da gidan rediyo ya ɗauki muryarka a wajajen ƙarshen shekarun saba'in, sai ga ka a bakin kowa. Ba tashar motar da za a shiga ba a ji kaset ɗinka ba. Direbobi sun fi son waƙar rijiya, wai tana hana gyangyaɗi.

Abu ɗaya da ko maƙiyinka zai shaida, ba ka taɓa yi wa kowa zambo ba. Zamanin siyasa an zo har gida ana neman ka taɓa wani ɗan takara da baki. Ka sa aka kawo wa baƙin hura, kuka yi gaisuwa mai tsawo, ka tambayi iyali da gajiya da ruwan bana, har suka gaji suka faɗi abin da ya kawo su. Ka ce musu mutumin da suke so a zaga yana da uwa a raye, kuma tana jin rediyo. Da haka suka tashi.

Ba ka ƙago karin waƙa daga kanka, kuma ba ka taɓa ɓoye hakan ba. Zama kake yi a zaure kana sauraren cikin gida: luguden daka, waƙar niƙa, abin da mace ke rerawa tana jijjiga goyo. Daga nan kake ɗauko karin, ka ɗora masa naka baitocin. Alƙalinka kuwa Ma'u ce. In ka gama sabuwar waƙa sai ka rera mata tana daka. Inda taɓarya ta yi tuntuɓe, nan baitin ya yi tsawo ko ya gaza, sai ka koma ka gyara. Na sha yi maka tsiya cewa kai kaɗai ne mawaƙin da turmi ke duba wa aiki. Ka ce ai ya fi ni iya duba aiki, tunda shi ba ya jan jar biro.

Rasuwar mahaifiyarka, Inna Hadizatu, ita ta juya ka. Kana wajen shekara arba'in ka rataye gurmi a jikin bango, ka ce sauran muryar da ta rage maka ta Annabi ce, sallallahu alaihi wa sallam. Ka tafi Ƙofar Ƙaura ka shiga majalisin bege na Malam Bala, wanda a lokacin ba wanda ya kai shi suna a birni. Kai da ake tsayar da mota don a gaishe ka, sai ga ka a ƙarshen tabarma cikin 'yan amshi. Ba ka yi ƙorafi ba. Amma sunanka a wurin bai canza ba. Sauran ana ce musu sha'irai, kai kuwa Makaɗi. "Makaɗi, gyara tabarma." "Makaɗi, ɗaga murya." Ba da mugunta suke faɗa ba, yadda suka ɗauke ka ke nan. Abin da kake so a duniya bai wuce ɗaya ba, kuma ka faɗa mini shi da bakinka: a ba ka ka ja ƙasida taka ta kanka a Maulidi, a majalisin, a kira ka sha'iri ko sau ɗaya.

An ba ka a Maulidin 1996. Ina wurin, bayan la'asar ne, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Bala har kan hanya, an ɗaure lasifika a jikin bishiyar bedi. Maza a waje, mata cike da cikin gida, katanga ce kawai tsakani. Ƙasidar da ka shirya ita ce ka sa wa suna "Baƙo a Ƙofa", ta mutumin da bai taɓa zuwa Madina ba yana tsaye yana sallama daga nesa. Amshinta shi ne, "Mai Madina, ga baƙonka ya zo." Ka koya wa 'yan amshi, sun haddace. Abin da ba ka lissafa da shi ba shi ne matan da ke bayan katanga.

Karin da ka ɗora ƙasidar a kai na wata tsohuwar waƙar daka ne, wadda Inna Hadizatu ta rene ka da ita, kuma ba macen da ta girma a cikin ganuwa da ba ta san ta ba. Ka ja baitin farko, muryarka ta fita tas, wurin ya yi tsit. Ka bar gurbin amshi. Kafin 'yan amshinka su buɗe baki, sai muryoyin tsofaffin mata suka taso daga cikin gida, baki ɗaya, da amshin da harshensu ya saba da shi tun suna 'yan mata: "Ango ya ga tuwo, ya mance amarya."

Ba izgili suka yi ba, wallahi. Kari ne ya ja harshe kafin hankali ya iso. Su kansu a tsakiyar kalmar suka farga, aka ji salati ya kaure a cikin gida. A waje wani ya yi dariya sau ɗaya ya haɗiye ta. Malam Bala ya miƙe, ya zo da kansa ya karɓi makirfo daga hannunka. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Nan wurin yabon Manzon Allah ne, ba dandali ba. Makaɗi, koma ma gurminka." Ka sa takalmanka ka tafi, ni na bi ka a baya har Ƙofar Durɓi.

A ganina Malam Bala bai yi zalunci a ranar ba. Shi ke da alhakin wurin, kuma abin da kunnuwa suka ji ba ƙarami ba ne. Inda na ga an wuce gona da iri shi ne abin da ya biyo baya. Ba a kore ka da baki ba, an dai daina aiko maka. Maulidi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, sauran majalisai ma suka bi sahu, don ba mai son a ce ya ɗauki wanda Malam Bala ya ajiye.

Kai ma kana da naka taurin kan, kada a ce na rufa maka. Na matsa maka ka je ka ba da haƙuri, ka je. Malam ya karɓa, ya ce ƙofa a buɗe take in za ka sake wa ƙasidar kari irin wanda aka saba. Nan ka tsaya. Da muka fito na hau ka da faɗa, na ce mene ne a cikin kari, ba ga su nan birjik ba? Ka ce, "Na ba da haƙuri bisa abin da ya hwaru, ban ba da haƙuri bisa karin ba. Da shi uwata ta goye ni. Ba ni da abin da ya hi shi. Mi za ni kai ma Annabi in ba shi ba?" Ban yarda da kai ba, kuma har yau ina ganin da ka sassauta da ka sami abin da kake nema.

Ba ka koma wa gurmi ba, ba ka kuma bar bege ba. Ka riƙe gonarka ta bayan gari, ka ci gaba da tsara ƙasidu a kan karin daka da na niƙa da na reno. Matan Islamiyya su suka riƙe ka. Su ke kiranka walimar saukar karatu, su ke sayen kaset, daga baya jikokinsu suka zuba waƙoƙin a waya. Majinyata ma sun san ka. In aka ce wani tsoho ya kwanta, sai ka je ka zauna a gefen shimfiɗarsa ka rera masa a hankali, ba kiɗa, ba amshi. Ba ka taɓa ɗora wa matan Ƙofar Ƙaura laifi ba. Ɗaya daga cikinsu ta aiko tana kuka tana neman gafara, ka ce a faɗa mata ta yi amshin daidai, kai ne ka shigo da baƙo ba ka yi masa sallama ba. "Baƙo a Ƙofa" kuwa ba ka sake rera ta a bainar jama'a ba, ba ka kuma yarda an ɗauke ta a kaset ba.

A 'yan shekarun nan, da ɓarayin daji suka tashi rugar wani makiyayi mai suna Hamman suka kore masa shanu, kai ka kwashe shi da iyalinsa ka ba su ɗakunan da 'ya'yanka suka bari. Ba danginka ba ne, sanin kasuwa ne kawai, wurinsa Ma'u ke sayen man shanu. Sun yi damina biyu a gidanka. Na zo wata rana na tarar da kai zaune kana sauraren Rahmatu matar Hamman tana rera abin da take yi wa saniya lokacin tatsa, alhali ba saniyar. Ƙasidarka ta ƙarshe a kan wannan karin ka yi ta. Hamman na cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Ranar sadakar uku Malam Bala ya zo. Ya tsufa ƙwarai, ya haura tamanin, ido ya yi rauni, sai da aka riƙo hannunsa ya tsallake dokin ƙofa. Ya yi addu'a mai tsawo. Da jama'a suka ragu ya sa aka kira ni, ya ce ya ji ni ne makusancinka. Ya ce shekarun nan jikokinsa mata suna rera ƙasidunka a cikin gidansa, ya saurara, bai ji abin da ya saɓa wa ladabi ba ko kalma ɗaya. Ya ce ya yi niyyar aiko maka bara, bai yi ba. Yana so a Maulidin bana a buɗe majalisi da "Baƙo a Ƙofa", da karinta yadda ka yi ta, kuma a ambaci sunanka, a ce ta sha'iri Almu Mati ce. Kalmar da ka jira ke nan, Almu. Ni na ji ta, kai kana ƙasa.

Sai aka nemi ƙasidar aka rasa. 'Yan amshin da ka koya wa, wasu sun rasu, waɗanda suka rage kuwa amshin kawai suka riƙe. 'Ya'yanka sun san baiti biyu ko uku. Mutum ɗaya ce ta san ta daga farko har ƙarshe, wadda aka gwada kowane baiti a kan dakanta, ita kuwa tana cikin ɗaki tana takaba, kuma Maulidi zai zo ya wuce ba ta fita ba. Malam ya ce ba sai ta fito ba, ta rera wa 'ya'yanta su kawo. Aka aike ni.

Na tsaya a bakin ƙofarta, labule tsakaninmu. Na yi mata gaisuwa da ya haƙuri, na isar da saƙon yadda aka ba ni, har da kalmar sha'iri. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Malam Sagir, ka gaishe da Malam, ka ce na gode. Waƙa tana nan, ban mance ko baiti guda ba. Amma ina takaba, bakina ba ya waƙa. Mai ita ya jira su shekara da shekaru. Su ma su jira baɗi."

Na kai amsar ba tare da na rage mata kaifi ba. Malam Bala ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ta yi gaskiya. Allah Shi kai mu baɗin." Aka riƙo hannunsa ya tashi. Na bi shi da kallo har ya sha kwana, yana tafiya yana hutawa, kuma ban sani ba ko zai kai.

Allah Ya jiƙanka, Almu. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi begenka yadda ka kawo shi, Ya sada ka da wanda ka yi wa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ma'u, da Ramla da Rahama da 'ya'yansu, da dangin Kawu Mati na birni da na ƙauye, da matan Islamiyyun da suka riƙe ka lokacin da maza suka sake ka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare abin da ka bari. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Sagir Babaji
Kambarawa, Katsina