Ranar da Jirgin Ɗaukar Hoto Ya Firgita Shanun Arɗo Buba

Cikin shekarun da na yi ina riƙe kyamara, akwai wata Talata ta tsakiyar damina da ban taɓa mantawa da ita ba. Ranar ce muka je wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa ɗaukar bidiyon waƙar Jamilu, wanda masoyansa ke kira Ɗan Kwalisa. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kun tarar da shi jarumi, amma a lokacin mawaƙi ne da ya fara leƙa fim. An ba shi fitowa a wani shirin talabijin mai dogon zango, kuma da waƙar nan za a riƙa buɗe shirin duk mako.

Ga wanda bai san aikin ba, ba a wurin ɗauka ake rera waƙa ba. An riga an gama ta a situdiyo a Kano. Mu dai kunna ta muke yi a sifika, mawaƙi ya bi da baki da jiki, a yi ta maimaitawa, daga nesa, daga kusa, daga gefe. Darakta ke cewa a fara ko a tsaya. Ni ne shugaban masu kyamara, daga shi sai ni a wajen hoto. Kuma ina da wata ɗabi'a: kullum sai na kafa kyamara ɗaya can baya a kan ƙafafunta, ta kama fili gaba ɗaya, in bar ta tana ɗauka ko da an ce a tsaya.

Daraktanmu, Oga Lawan, yana son a ga Jamilu a kan dutse cikin fararen kaya, garken shanu na kiwo a ƙasa. Kwana biyu kafin nan muka je wurin mai gari muka nemi izini, shi kuma ya haɗa mu da Arɗo Buba, dattijon da ke da ruga a gindin duwatsun. Arɗo ya amince, da sharaɗi ɗaya.

"Ku yi abinku daga nesa," in ji shi. "Dabbobin nan ba su san ƙarar inji ba."

Da hantsi aiki ya kankama. Jamilu ya hau dutse da baƙin tabarau da takalmi sau-ciki mai sheƙi, ya yi baiti biyu tsaf. Sai aka zo kan hoton sama. Na tashi ɗan jirgin nan mai kyamara da ake sarrafawa da rimot, na ɗaga shi can ƙololuwa.

Oga Lawan ya leƙa allon ya yamutsa fuska. "Habibu, shanun sun zama kamar tururuwa. Sauko da shi. Ina son ƙahonin nan."

Na ce, "Oga, ka ji abin da Arɗo ya faɗa. Ga gonar gero can ba shinge."

"Minti ɗaya ne. Kawo."

Ya miƙo hannu, ni kuwa na ba shi rimot ɗin. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Jirgin na saukowa da ƙugi kamar taron zuma, wani farin bijimi ya ɗaga kai ya yi tsalle. Kafin ka ce kwabo garke ya ɓalle. 'Ya'yan Arɗo biyu, magidanta ne, suna ta ɗaya gefen, shanu kuwa suka miƙa sak wajen gonar. Geron ya fara fitar da kai.

Mu duka muka sandare. Sai na ga fararen kaya sun gangaro daga dutse. Jamilu ne. Ya watsar da takalmi da tabarau, ya yanke ta cikin taɓo ya sha gaban garken. Ya fizgi wani reshe ya ɗaga, ya buɗe murya ya yi wani irin kira da Fulatanci, mai tsawo, yana haɗawa da ƙyacci. Wallahi shekara biyu ina aiki da shi ban san yana jin kalma ɗaya ta Fulatanci ba. Bijimin ya ja birki ya kauce, saura suka bi shi. Amma kafin nan wajen shanu goma sun riga sun afka bakin gonar, sun kwantar da kunya shida ko bakwai.

Ba a jima ba sai ga mai gonar, Malam Isiyaku, da fartanya a kafaɗa, maƙwabtansa na biye. Bai kalle mu ba ma. Kan 'ya'yan Arɗo ya nufa.

"Bara kun yi na yi shiru! Bana ma? To yau sai an yi ta ta ƙare!"

Su ma suka gyara riƙon sandunansu. Arɗo Buba ya iso yana haki, yana ba da haƙuri, babu mai sauraronsa.

Oga Lawan ya matso kusa da ni ya rage murya. "A haɗa kaya mu wuce. Wannan tsohuwar rigimarsu ce."

Na ce, "A'a, Oga. Mu muka tayar da ita, a gabanmu za ta kwanta."

Na je na ciro kyamarar nan ta baya, na ratsa tsakiyar mutane na durƙusa gaban mai gona.

"Baba, don girman Allah ka ba ni minti biyu. Ka duba nan."

Na mayar da hoton baya, na kare masa rana da hulata. Ya ga shanu na kiwonsu lafiya lau. Ya ga jirgi ya sauko, ya ga bijimi ya zabura. Ya ce in sake. Na sake har sau uku, maƙwabta na leƙe ta kafaɗarsa.

Ya ɗago. "Wannan abin na waye?"

"Namu ne, Baba. Arɗo ya gargaɗe mu, ba mu ji ba."

Jamilu ya zo ya durƙusa kusa da ni, taɓo har gwiwa. Ya ce, "Baba, saboda waƙata aka zo. Duk hukuncin da mai gari ya yanke, a kaina yake. Amma mutanen nan ba su da laifi ko na ƙwayar zarra."

Malam Isiyaku ya dube shi. "Kai ne ka tare su?"

"Ni ne."

"Da wannan farin yadin?" Wani ya tuntsire da dariya a baya, sai ga fartanya ta sauka daga kafaɗa. Malam Isiyaku ya juya wajen Arɗo ya ce, "Buba, ka yafe ni. Na yi saurin baki."

Arɗo kuwa Jamilu ya tsura wa ido. Ya tambaye shi wani abu da Fulatanci, Jamilu ya amsa kansa a ƙasa. Ashe a wata ruga ta wajen Ɓaɓura aka haife shi, sai da ya yi shekara goma sha biyu yana bin shanun kakansa kafin a kai shi Kano karatu. Ya ɓoye asalinsa ne don wani ya taɓa ce masa ɗan ruga ba ya zama tauraro.

Bayan azahar muka hallara a zauren mai gari, aka sasanta ɓarnar, Oga Lawan da bakinsa ya nemi gafara. Washegari muka dawo muka ƙarasa aiki, jirgi na cikin akwatinsa. Da aka zo tace hoto, Oga ya so saka gudun nan na Jamilu a bidiyon. Na ce sai mai shi ya yarda, Arɗo da Malam Isiyaku ma su yarda, tunda dukiyarsu ce a ciki. Jamilu ya yi kwana uku yana tunani, sannan ya ce a saka. Da kansa ya hau babur ya koma ƙauyen ya nemo yardarsu. Bayan shirin ya fita ne daraktoci suka fara kiransa fitowa ta gaske, ba ta mai rawa da waƙa kaɗai ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mu baƙi ne a duk inda muka kafa kyamara. Yini ɗaya muke yi mu naɗe wayoyinmu, mutanen wurin kuwa gobe a rijiya ɗaya za su haɗu. Idan mai wuri ya gindaya maka sharaɗi, ya san abin da ba ka sani ba. In kuma na gaba da kai ya miƙo hannu a kan abin da ka tabbata kuskure ne, ka ba shi girmansa, ka ba shi haƙuri, amma kada ka ba shi rimot.