Anti Jona da Ƙananan Allunanta

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe ta riga ta buɗe ɗakin kwamfuta. Takan yaye ƙyallen da ke kan kowace na'ura, ta warware wayoyin da yara suka cukurkuɗa jiya tana 'yar mita, sannan ta jera ƙananan alluna a kan tebur. Allunan na lantarki ne, kowanne bai fi kwalin ashana ba, da jajayen fitilu 'yan mitsi-mitsi a fuskarsa da maɓallai biyu. Ɗalibi zai tsara umarni a kwamfuta, ya jona waya, ya tura umarnin cikin allon, allon ya bi. Duk wanda ya ɗaga hannu ya ce abu ya ƙi, tambayarta ɗaya ce: “To, ka jona?” Da haka ta zama Anti Jona, har a bakin shugaban makaranta.

Asalinta malamar buga tafireta ce. Da aka kwashe tafiretoci, kowa ya ɗauka za ta lallaɓa ne a ofis har ranar ritaya. Ana nan aka kawo wa makarantar kwalin allunan, matashin malamin da aka horar a kansu kuma aka yi masa canjin wurin aiki. Kwalin ya yi zamansa a sito. Ita ce ta roƙi a ara mata guda ɗaya ta je gida da shi.

Maigidanta, tsohon direba, ya ba ni labarin yana dariya. “Sai ta kafa tabarau ta tasa abin nan a gaba. Na ce, Hajiya, ko dai a kai shi wajen bakanike? Ta ce in ji da rediyona.” Ta tsara umarnin daidai, amma kwamfuta ta ƙi ganin allon. Ta yi makonni tana fama kafin ta gano cewa wayar da take sawa ta caji ce kawai, ba ta ɗaukar saƙo. Da ta canza waya, allon ya bayyana a kwamfuta, ta ja fayil ta saka masa, fitilar bayansa ta yi ƙyafta-ƙyafta, sai ga hoton murmushi a fuskarsa. Maigidan ya ce ihun da ta yi har maƙwabta sai da suka leƙo.

Ke ce kika buɗe wannan kwali, Anti, a shekarun da tsaranki ke cewa ido ya gaji. Ke ce kika koya da kyar, shi ya sa ba ki taɓa yi wa mai jinkirin fahimta tsawa ba.

Akwai wata ɗalibarta, shiru-shiru, wadda mahaifiyarta tela ce kuma kurma. Masu kawo ɗinki sukan buga ƙofa har su gaji su tafi wajen wani telan, uwar na ciki a kan keke ba ta sani ba. Yarinyar ta fara fashin makaranta don ta zauna ta riƙa buɗe ƙofa. Da Anti ta ji dalili, sai ta kira ta.

“'Yata, kin san allunan nan suna aika wa juna saƙo ba tare da waya ba?”

“Na sani, Anti.”

“To, in an danna ɗaya a bakin ƙofa, ɗayan kuma yana kan keken Umma fa?”

Yarinyar ta ɗago kai. Mako guda ta yi tana tsara umarnin. Ranar turawa sai ta zare wayar tun fitilar baya ba ta gama ƙyaftawa ba, allon ya ƙi nuna komai. Hawaye suka cika mata ido. “Anti, don Allah ki tura min.”

Anti ta mayar da hannuwanta baya. “Ni ba zan taɓa ba. Ranar da ya daina aiki a gidanku, ina kusa? Sake jonawa. Ki bar shi ya gama haɗiya tukuna.”

Ta sake, ta jira. Da ta danna maɓallin allo na farko, na biyu ya haskaka a can ƙarshen tebur, aji ya kaure da tafi. Shugaban makaranta ya so ya hana a fita da kayan, Anti ta ce masa, “Ranka ya daɗe, in wani abu ya same su, ni za a tambaya.” Sannan ya yarda.

Mai gadin makaranta ne ya ga sauran. Ya ce wata safiya telar ta zo har bakin ɗakin kwamfuta, ta kama hannun Anti da hannu biyu ta ɗora a ƙirjinta, ta daɗe ba ta saki ba. Yarinyar ba ta sake fashi ba, kuma bana ita ce ta ɗaya a ajin kwamfuta.

Ƙarshen zangon nan Anti za ta ajiye aiki. Ta riga ta horar da malamai biyu da za su gaje ta. Da makarantar da ke kusa ta aiko tana roƙon ta je ta koya wa nata malaman, cewa ta yi, “Zan zo. Amma ku ajiye min wanda ya fi kowa furfura a kujerar gaba, da shi zan fara.”

Mun gode, uwar ɗakin kwamfuta, mai haƙurin jiran yaro ya yi da kansa. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ki ci moriyar hutunki. Mu kuma da muke ganin lokacin koyo ya wuce mu, ga kujerar gaba nan, kowa ya matso.