Layar da ke Wuyan Rigar Kofur

Ni ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata ce, tsohuwar malamar firamare, take riƙe da biro ina faɗa. Na ce mata inda kuka ya zo mini ta jira ni, inda na yi faɗa kuma kada ta gyara.

Mijina soja ne mai igiya biyu, shi ya sa har ya koma ga Allah duk Ƙofar Guga Kofur ake ce masa. Ya yi yaƙin basasa yana saurayi. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, amma har yau in na dama fura sai na raba ta kwano biyu kafin in tuna.

Kakinsa yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona: riga, wando, bel da hular kwano. Ni nake shanya su bayan damina in zuba kafur. Yana sa rigar duk shekara ranar taron tsofaffin sojoji, don haka da jiki ya zo masa, ni na farke gefe na ƙara ƙyalle. Da gwiwar hannu ta mutu na yi faci. A wuyan rigar ta ciki akwai laya, ba ta fi ƙwallon dabino ba, ɗinke cikin fata. Mahaifiyarsa ce ta ɗinka ranar da zai tafi yaƙi. Sau ɗaya ya yi mini maganarta: "Ko bayan raina kada a buɗe. Ni ma ban san abin da ke ciki ba, kuma da ita na dawo."

Da na fita takaba aka raba gado. Tufafi suka faɗa rabon ɗana na fari, wanda ko sunansa ba na kamawa. Na ɗauka a baki ne kawai, akwati zai zauna inda yake.

Sai ga shi wata Asabar da wani Alhaji daga unguwar manya ta Jiyare, tsohon ma'aikacin gwamnati, wai aikinsa yanzu tara kayan sojojin da. Ya ce "Allah ya jiƙan Kofur" idonsa na kan akwati. Ya sa farar safar hannu kamar zai taɓa kuturu. Ya ƙure maɓallai da wani gilashi, yana ta kiran sunan bataliya. Bai tambayi yadda mai rigar yake dariya ba, ko ciwon da ya kwantar da shi. Da ya kai kan facina ya ja tsaki.

"Wa ya yi wannan ɓarna?"

"Matarsa," na ce. "Ga ta zaune."

Yatsansa ya ji layar. Nan fuskarsa ta washe. Wai ya buɗe irinta a wasu riguna, kuma daga rubutun ake gane malaman da suka yi wa sojoji addu'a. Na ce wannan ba za a buɗe ba. Ɗana ya ce, "Inna, tarihi ne. A can zai fi daɗewa, nan gara za ta cinye." Shekara arba'in da wani abu gara ba ta ci ba. Suka ɗauki akwatin ina kallo, don a shari'a na ɗana ne.

Bayan mako biyu surukata ta kawo mini tuwo, bakinta ya suɓuce: an kira mai hoto, jibi za a farke layar a ɗauki takardar. Washegari da hantsi na ƙulle reza a haɓar zanena na hau a-daidaita zuwa gidan Alhajin.

Ɗakin sanyi kamar randa. Ga gumaka jere ba kawuna, kowanne sanye da rigar mijin wata. Ta Kofur tana kusa da taga. Ban gane ta ba da farko, don ta rame. Alhaji ya warware duk ɗinkina, ya mayar da ita ta saurayin da ban ma aura ba tukuna. Ƙyallayena suna cikin 'yar leda a gefe, da takarda manne.

"Hajiya, sannu da zuwa. Kin ga yadda ta koma asalinta?"

"Ban je Makka ba, kada ka saye ni da suna. Mi ka rubuta a ledar nan?"

Ya ɗan yi tari. "Ƙari ne na baya, wanda ba na soja ba."

"To, ni ce ƙarin baya. Layar fa?"

"Likita zan zama, Inna. Zare uku zan cire, in karanta, in mayar. Ba wanda zai gane."

"Shi ke nan, in ba a gane ba ba a yi ba? Kai uwarka ba ta taɓa ƙulla maka komi ba?"

Ya ce ɗana ya sa hannu a takarda. Na ce ɗana bai ɗinka ba, ba shi aka yi wa wasiyya ba. Ya juya ya ɗauko waya zai kira shi, ni kuma na kwance haɓar zane. Cikin sauri na kai wa rigar reza, shi ya sa yankan bai tafi daidai ba. Na fizgo layar har da tsokar wuyan rigar, faɗin yatsa biyu. Alhaji ya ƙwalla salati kamar shi na yanka.

"Kin san abin da kika lalata kuwa?"

"Na sani. Ni na wanke ta."

Na ɗauki ledata na fito. Bai tare ni ba.

Rigar tana can da raminta, na ji har ya rubuta wa ramin takarda. Ban yafe masa ba, kuma ba na neman ya yafe mini. Ɗana ya ce na kunyata shi gaban manya. Wata bakwai ke nan, in ya zo ran Juma'a a zaure yake tsayawa, ya gaishe ni daga can ya juya. Wannan yana ci na, ba zan ɓoye ba, don muryarsa ta ubansa ce. Amma layar tana ɗinke a wuyan rigata, kuma har yau ba wanda ya san abin da ke cikinta.