Kogin da Baba ya zana daga Jidda

Mahaifina ɗan dako ne tsakanin Jidda da Makka. Yana bin ayarin raƙuma, ya ɗora buhu ya sauke buhu, har bayansa ya lanƙwashe. Kafin mu iso nan Makka ya daɗe a Sudan yana haƙa magudanan ruwa a gonakin auduga, to tun daga can maganar ruwa ta shiga kansa ta ƙi fita.

Shawararsa ita ce a haƙa babbar hanyar ruwa daga teku zuwa bakin Makka, jirage su riƙa kawo shinkafa da gawayi, a kafa kasuwa a kowane zango, raƙumi ya huta, ɗan Adam ma ya huta. Ni na san Makka tudu ce, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Amma da wane baki zan faɗa wa mutumin da wannan zancen kaɗai ke sa shi dariya?

Larabcin Baba bai wuce na ɗauka da saukewa ba, ni kuwa a nan na girma, don haka ni na rubuta shawarar a takarda, na raka shi wani ofishi. Magatakardan ya karanta, ya dube mu, ya ce, "Allah karim, ya Hajj."

Da muka fito Baba ya kama hannuna. "Ka ji ko? Ya ce Allah Mai karamci ne. Ya karɓa ke nan!"

Na ce, "Haka ne, Baba." A Makka kuwa da wannan kalmar ake sallamar mai bara idan ba za a ba shi kome ba. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, ban gaya masa gaskiya ba.

Ya sayo shebur huɗu ya jingine a zaurenmu na unguwar Mansur, yana shafa musu mai kada su yi tsatsa. Duk Juma'a sai ya tambaye ni ko an aiko daga ofishin. Shekara biyu muna haka.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa ta tsaya a ƙofa tana roƙo, gidan kuma babu ko loma. Ban yi tunani ba na ce mata, "Allah karim, ya Hajja." Ta juya ta tafi abinta.

Baba yana zaune kan tabarma a bayana. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya ce, a hankali, "Ɗana, ita ma jira za ta yi?"